Tarihin Rikicin Kwamfuta da Wutar Lantarki: Ɗaukewa ke Ƙona Ta ko Dawowa?

 Yau za mu ɗan ajiye darasin "shiga nan, latsa can", mu waiwayi tarihi. Akwai tambayar da duk mai kwamfuta ya taɓa yi, ko ya ji ana yi a shagon gyara: idan aka ɗauke wuta kwamfuta na tsakiyar aiki, me ke lalacewa a cikinta? Kuma me ya sa wani za a ɗauke masa wuta sau goma a rana bai ga komai ba, wani kuma dare ɗaya a kawo wuta ya wayi gari ɗakinsa na ƙaurin waya?

Amsar tana cikin tarihin na'urar kanta. Kusan shekara 80 ke nan injiniyoyi na fama da wannan matsala, kuma yawancin kariyar da ke cikin kwamfutarka an saka ta ne bayan an sha wata ɓarna. In ka bi labarin daki-daki za ka ga abu ɗaya: a hankali an koya wa kwamfuta jure ɗaukewar wuta, har ta kai yau abin da ɗaukewa ta fi ci shi ne bayananka. Dawowar wuta kuwa, da wutar da ta yi ƙasa ko ta wuce kima, su ne masu ƙona kaya, kuma maganinsu har gobe a wajen kwamfutar yake, wato a hannunka.

Kwamfutar da ake tsoron kashewa

A watan Fabrairun 1946 aka nuna wa duniya ENIAC a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka. Nauyinta ya kai tan 30, tana shan wuta kilowat 150, kuma a cikinta akwai kwalaben lantarki kusan 18,000. Kowace kwalba tamkar ƙwan fitila take, da siririyar waya a ciki wadda sai ta yi zafi take aiki. Kwalba ɗaya ta mutu, lissafi ya rikice, sai an bi an nemo ta.

Masu kula da ita sun lura cewa kwalaben sun fi mutuwa a lokuta biyu: lokacin kunnawa da lokacin kashewa. Dalili kuwa, ƙarfe yana miƙewa idan ya ɗau zafi, ya tsuke idan ya huce, kuma wayar da ke sanyi takan zuƙi wuta da yawa a farkon kunnawa. Shi ya sa ƙwan fitila irin na da ya fi ƙonewa daidai lokacin da ka latsa makunni. To sai suka yanke shawara mai sauƙi: a daina kashe ta. Suka kuma riƙa ba kwalaben wuta ƙasa da abin da aka ƙera su su ɗauka. Da haka mutuwar ta ragu zuwa kusan kwalba ɗaya a kwana biyu. A Ingila ma, injiniya Tommy Flowers da ya ƙera Colossus lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya dogara ne da wannan sanin, cewa kwalba tana daɗewa muddin ba a yawan kashe ta ana kunnawa.

Ka riƙe wannan darasi, za mu dawo kansa. Tun ranar farko, lokacin da wuta ke shiga na'ura shi ne lokacin haɗari.

Lokacin da kwamfuta ba ta mantuwa

Ga wani abin mamaki. Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa farkon 1970, yawancin manyan kwamfutoci ba sa manta abin da ke ƙwaƙwalwarsu idan wuta ta ɗauke. Ƙwaƙwalwar wancan zamani ƙananan zobba ne na maganaɗisu da aka saƙa da siraran wayoyi kamar tabarma, kowane zobe yana riƙe da 0 ko 1. Kwamfutar Whirlwind ta cibiyar MIT ta fara aiki da irinta a 1953. Shi maganaɗisu ba ruwansa da ko akwai wuta ko babu, don haka wasu kwamfutocin in an dawo da wuta sai kawai su ci gaba daga inda suka tsaya.

A 1970 kamfanin Intel ya fito da guntun ƙwaƙwalwa mai suna 1103, kakan RAM ɗin da muke amfani da shi yau. Ya fi zobba araha, ya fi su ƙanƙanta, cikin 'yan shekaru ya kore su daga kasuwa. Sai dai yana da sharaɗi: bayanin yana zaune ne a matsayin ɗan cajin wuta mai yoyo, wanda dole a yi ta sabunta shi ba ƙaƙƙautawa. Wuta na yankewa, komai ya shafe. Daga wannan ciniki aka gaji baƙin cikin da kowane mai buga takardu ya sani, na shafi goma da ba a adana ba. RAM ɗin kansa lafiya lau yake, ba abin da ya same shi. Aikinka ne ya tafi.

Allura a kan faifai

Inda ɗaukewar wuta ta taɓa yin ɓarnar ƙarfe ta gaske shi ne babbar ma'adana, wato had-dis. IBM ne ya fito da ta farko a 1956 a cikin na'urar RAMAC: faifai 50, kowanne faɗin inci 24, dukansu suna ɗaukar haruffa kimanin miliyan 5. Tsarin bai canza ba har yau. Faifai na juyawa, allura na karatu da rubutu a kansa, kamar garmaho. Bambancin shi ne wannan allurar ba ta taɓa faifan. A had-dis na zamani iskar da juyawar faifan ke kaɗawa ce ke ɗaga ta, kuma tazarar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi ƙanƙanta sau dubbai, alhali faifan na juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya.

To idan wuta ta yanke fa? Faifan ya rage gudu, iskar ta ƙare, allura ta sauka a duk inda take, ko da kan bayananka ne. A farkon shekarun 1980, lokacin da ƙananan had-dis irin ST-506 na kamfanin Seagate mai megabait 5 suka shigo kwamfutocin tebur, masu amfani da DOS sukan buga wani umarni kafin su kashe kwamfuta ko su ɗaga ta, don a janye allurar zuwa gefen da babu bayani. Ɗaukewar wuta kuwa ba ta ba ka damar buga komai.

Maganin da injiniyoyi suka samo yana da ban sha'awa. Faifan da ke juyawa ba ya tsayawa nan take, kuma mota mai juyawa ba tare da an ba ta wuta ba janareta ce. Sai suka sa had-dis ya yi amfani da ɗan wutar da juyawar ƙarshe ke haifarwa ya fizge allurar zuwa masaukinta. Wannan ƙarar "ƙat" da kake ji daga cikin kwamfuta idan an ɗauke wuta, ita ce. Fizgar gaggawa ce, ta fi saukar da aka yi a natse gajiyar da allurar, shi ya sa had-dis ke ƙirga sau nawa ta faru. Manhaja irin CrystalDiskInfo za ta nuna maka adadin.

Rubutun da aka bari a rabi

Da aka shawo kan allura, sai matsalar ta koma kan bayanai. Adana fayil ba aiki ɗaya ba ne. Kwamfuta za ta rubuta bayanin, sannan ta je ta gyara rajistar da ke nuna inda kowane fayil yake. In wuta ta yanke tsakanin biyun, rajista ta ce wani abu, faifai ya ce wani. Waɗanda suka yi zamani da Windows 98 za su tuna shuɗin allon ScanDisk da ke tarbarsu duk lokacin da kwamfuta ta mutu ba shiri. Gyaran wannan rikici yake ƙoƙarin yi, kuma ba kullum yake dacewa ba.

A 1993 Microsoft ya fito da tsarin NTFS, wanda ya iso hannun yawancin mutane da zuwan Windows XP a 2001, shekarar da Linux ma ya samu ext3. Dabararsu irin ta ɗan kasuwa mai littafi ce: kafin a taɓa rajista, sai a fara rubuta abin da za a yi a wani ɗan kundi. In wuta ta yanke, a duba kundin, a ƙarasa aikin ko a soke shi. Wannan ya rage lalacewar faifai gaba ɗaya ƙwarai, ko da yake fayil ɗin da ake tsakiyar rubutawa yana iya tafiya.

Da SSD ta zo, mutane suka ɗauka magana ta ƙare tunda babu allura babu faifai. Ashe da sauran rina a kaba. Ita SSD tana da taswirarta ta ciki mai nuna inda ta zuba kowane bayani, kuma kullum tana cikin sauya ta. A 2011 aka samu matsala a samfurin Intel 320, inda bayan yankewar wuta ma'adana mai gigabait da yawa takan farka tana nuna megabait 8 kacal, sai da kamfanin ya fitar da gyara. A 2013 masu bincike daga Jami'ar Jihar Ohio da ɗakin binciken HP suka gwada SSD guda 15, suna yanke musu wuta suna tsakiyar rubutu. Guda 13 sun nuna matsala, ɗaya ta rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na bayananta, ɗaya kuma ta mutu murus. An samu ci gaba tun daga lokacin, kuma SSD na manyan cibiyoyin bayanai suna zuwa da kafasitocin da ke ba su damar ƙarasa rubutu. Yawancin na kasuwa da muke saya ba su da cikakkiyar wannan kariya.

Akwai lokaci ɗaya da ɗaukewa kaɗai ke iya kwantar da kwamfuta gaba ɗaya: lokacin sabunta BIOS. In wuta ta yanke an goge tsohon ba a gama rubuta sabon ba, babban allon kwamfutar, wanda masu gyara ke kira madabod, ba zai san yadda zai tashi ba. Shi ya sa wasu kamfanoni irin Gigabyte suka riƙa saka BIOS biyu a allo ɗaya.

Milisakan 16

Yanzu mu zo ƙofar da wuta ke shigowa, wato fawa-fak. Don mu fahimci juna, ɗauki wuta kamar ruwan famfo: bolt shi ne ƙarfin turin ruwan, amfiya kuma yawan ruwan da ke kwarara. Soket ɗinmu yana ba da bolt 230, kayan cikin kwamfuta kuma suna son 12, 5 da 3.3, ita masarrafa ma bolt ɗaya da ɗan wani abu take sha. Aikin fawa-fak shi ne ya sauko da wutar, ya tace ta.

Kwamfutocin farko sun yi amfani da manyan taransifoma masu nauyi da zafi. Apple II ta 1977 tana cikin ƙananan kwamfutocin farko da suka zo da ƙaramin fawa-fak mara nauyi irin na yau, IBM PC ta 1981 ma haka. A 1995 Intel ya fito da tsarin ATX, wanda ya kawo abubuwa biyu da suka shafi maganarmu. Na ɗaya, ƙa'idar ta ce fawa-fak ya iya riƙe kwamfuta kimanin milisakan 16 bayan wuta ta yanke, wato kashi 16 cikin 1,000 na sakan ɗaya, da cajin da ke cikin manyan kafasitocinsa. Ƙiftawar ido ma ta fi wannan tsawo. Na biyu, maɓallin gaban kwamfuta ya daina yanke wuta da gaske. Ko ka kashe ta, muddin waya na jikin soket, akwai bolt 5 da ke zagawa a madabod yana jiran ka latsa. Ma'ana, kwamfutar da aka kashe amma ba a zare ba tana nan a kan hanyar duk abin da ya biyo waya.

Me ya sa milisakan 16? Tun shekarun 1970 ƙungiyar masu ƙera kwamfuta ta Amurka, CBEMA, ta zana wani ma'auni na irin wutar da ya kamata na'ura ta jure, aka sabunta shi a 1996 da 2000. A taƙaice ya ce na'ura ta jure yankewa ta kusan milisakan 20, ta jure raguwa zuwa kashi 70 cikin 100 na rabin sakan, amma wutar yau da kullum kada ta kauce da fiye da kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa. In ka auna da bolt 230, tsakanin 207 da 253 ke nan. Duba da kyau ka ga irin ƙasar da aka yi wa wannan lissafi: ƙasar da matsalar wutarta ƙiftawa ce.

Mai gadi da baturi

Abin da ke ƙona kaya shi ne tunkuɗowar wuta, wato bolt ya yi tsalle ya kai ɗaruruwa ko dubbai cikin ɗan lokacin da bai kai milisakan ɗaya ba. Tsawa na kawo ta. Kunnawa da kashe manyan layuka da taransifoma na kawo ta. Injin walda, famfon burtsatse da firji ma suna haifar da ƙananan irinta. Kwalaben ENIAC sun fi jure irin wannan duka. Taranzisto kuwa, da ake ta ƙanƙanta shi har biliyoyi suka shiga guntu ɗaya, ɗan ƙari kaɗan ke huda shi.

A 1968 masu bincike a kamfanin Matsushita na Japan, wanda muka fi sani da Panasonic, suka gano wani haɗin sinadarin zinki mai hali na musamman. In wuta tana daidai, ba ya barin ta bi ta cikinsa. Da ta wuce wani mataki, sai ya buɗe nan take ya shanye rarar. Shi ake kira MOV, ɗan faifai ne kamar kwabo, galibi shuɗi, kuma shi ne zuciyar duk wata jona mai kariya. Sai dai mai gadi ne da ke karɓar duka a jikinsa. Kowane bugu yana rage masa ƙarfi, wata rana ya mutu, jonar kuma ta ci gaba da ba da wuta kamar ba abin da ya faru. Sannan an yi shi ne don bugu na ɗan lokaci. In wuta mai yawa ta zo ta zauna, shi kansa ƙonewa yake yi.

Ta ɓangaren ɗaukewa kuma, manyan cibiyoyi sun daɗe da injinan riƙe wuta, amma sai a shekarun 1980 abin ya sauko kan tebur. Kamfanin APC, wanda injiniyoyi uku daga wani ɗakin binciken MIT suka kafa a 1981, da harkar sola ya fara, sannan ya juya ga ƙera ƙananan UPS a 1984. UPS na gama-gari yakan koma kan baturi cikin ƙasa da milisakan 10. Ka ga inda 16 ɗin nan ta yi rana: fawa-fak ya riƙe numfashi, kafin ya saki baturi ya karɓa. Mintocin da yake ba ka na adanawa ne da kashewa a natse.

Manya ma sun sha

Kada ka ɗauka wannan matsalar talaka ce. Ranar 27 ga Mayun 2017 harkokin kamfanin jiragen British Airways suka tsaya cak a filayen Heathrow da Gatwick, fasinjoji kimanin 75,000 suka rasa tafiya. Shugaban kamfanin da ya mallake shi a lokacin, Willie Walsh, ya bayyana cewa wani injiniya ne ya katse wutar cibiyar bayanansu, sannan aka mayar da ita ba bisa tsari ba, kuma mayarwar ce ta lalata na'urorin. An ƙiyasta asarar da farko a kan fam miliyan 80. Darasin ENIAC ne ya dawo bayan shekara 70.

A watan Agustan 2015 tsawa ta faɗa sau huɗu a jere kan layin wutar da ke ciyar da cibiyar Google a Beljiyam. Duk da batura da janaretoci, wani ɗan ƙaramin kaso na bayanan da aka rubuta a daidai lokacin ya ɓace har abada. A watan Yunin 2019 kuma, ɗaukewar wuta ta minti 13 a masana'antar Yokkaichi ta Japan, inda Toshiba da Western Digital ke ƙera guntayen da ake sa wa a SSD, ta lalata kayan da Western Digital ya ce sun kai ezabait 6, wato terabait miliyan 6. In gemun waɗannan ya kama da wuta, ai sai mu shafa wa namu ruwa.

Da ta iso gidajenmu

Ita wutar Najeriya tana da nata tarihin. An haɗe hukumar lantarki ta ECN da hukumar madatsun ruwa ta Neja a 1972 aka samu NEPA, shekara huɗu bayan kammala madatsar Kainji a 1968. Jebba da Shiroro suka biyo baya. A 2005 NEPA ta zama PHCN, ranar 1 ga Nuwamban 2013 kuma aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11. Suna ya canza, amma har yau in fitila ta mutu "NEPA" ake kira. Wutar da ke isa layin ƙasa takan tsaya tsakanin megawat 4,000 da 5,000 ga mutane sama da miliyan 200. A Oktoban 2024, bayan lalata turakun layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta biyo a wani layin, jihohin Arewa da dama sun shafe sama da mako guda a duhu.

A cikin wannan yanayi kwamfuta ta yaɗu, musamman daga farkon shekarun 2000, zamanin shagunan buga takardu da na shiga intanet. Yawancinsu na hannu ne daga Turai da Amurka. Waɗanda suka fito daga Amurka, inda wutar gida bolt 120 ce, sukan zo da wani ɗan jan makunni a bayan fawa-fak an saita shi a 115. A jona a 230 ba a juya shi ba, sai ƙara da hayaƙi. Fawa-fak da cajar laftof na yanzu yawanci suna karɓar daga 100 zuwa 240 da kansu, duba rubutun jikin taka za ka gani.

Amma akwai abubuwa huɗu a wutarmu da wancan ma'auni na Amurka bai yi lissafinsu ba.

Na farko, kawowa da ɗaukewa a jere. Duk lokacin da wuta ta shiga fawa-fak, kafasitocin da suka zama fanko sukan zuƙe ta da ƙarfi. Akwai wata 'yar na'ura da ke rage wannan zuƙa, amma sai tana da sanyi take aiki. In aka ɗauke aka dawo cikin sakan biyu ko uku, tana nan da zafinta, zuƙar ta wuce kai tsaye.

Na biyu, wutar da ta yi ƙasa, wadda ake ce wa lo-karan. Fawa-fak yana buƙatar wat ɗinsa ko ta halin ƙaƙa. In bolt ya faɗi rabi, sai ya ninka amfiyar da yake ja, kuma ninka amfiya sau biyu yana ninka zafin waya sau huɗu. Ba ya mutuwa a ranar, dahuwa yake yi a hankali.

Na uku, kuma mafi muni, tsinkewar wayar nutural. Taransifomar unguwa tana fitar da layi uku da nutural ɗaya. Tsakanin layi da nutural bolt 230 ne, tsakanin layi da layi kuwa kusan 400. In nutural ta tsinke, ko ta saki, ko ɓarayi suka yanke ta, wasu gidajen wutarsu ta yi ƙasa, wasu kuma ta haura ta doshi 400, kuma ta zauna a haka. Wannan ce ranar da za ka ji unguwa guda talabijin, caja da fanka sun ƙone tare. MOV ba ya iya tare ta.

Na huɗu, ɗan ƙaramin janareta mara na'urar daidaita wuta. In mai ya kusa ƙarewa yana shiɗewa yana farfaɗowa, haka wutarsa ke hawa da sauka, kuma komai na tafiya cikin kwamfutarka.

To me tarihin ya bar mana?

Kowace na'urar kariya an ƙirƙiro ta ne don cuta ɗaya, don haka kada ka ba ta aikin wata. UPS maganin ɗaukewa ne, yana ceton bayananka, kuma baturinsa yakan gaji cikin 'yan shekaru, zafin ƙasarmu na ƙara gaggauta hakan. Sitabilaiza maganin wutar da ta yi ƙasa ko sama ce a hankali, amma tunkuɗowa ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. Jona mai MOV maganin tunkuɗowa ce, da sharaɗin ta gaske ce, kuma gidan yana da wayar ƙasa mai aiki. Jonar da ke da makunni da jar fitila kawai ba ta kare komai. Ga matsalar nutural da ta kawowa a jere kuwa, abin da ya fi dacewa shi ne 'yar na'urar nan da ake sa wa firji da talabijin, mai yanke wuta in ta wuce kima, ta kuma jira ɗan lokaci kafin ta sake ta. Sitabilaiza da yawa suna da maɓallin jinkiri, ka bar shi a kunne.

Sauran kuma ɗabi'a ce, ba ta cin ko sisi. Da an ɗauke wuta, kashe soket ko ka zare waya, in an kawo ka bari ta zauna na 'yan mintoci. In hadari ya haɗo ana walƙiya, zare har da wayar intanet da ta eriya, domin tsawa ba ta soket kaɗai take shigowa ba. Kashe kwamfuta kafin ka kashe janareta, kuma ka tayar da shi ya daidaita kafin ka jona ta. Kada ka fara sabunta BIOS sai a kan UPS ko cikakken baturi. Mai laftof ya riga ya samu UPS a ciki, cajarsa ce ke karɓar duka, don haka kada ya yi arahar caja. Idan za ka haɗa kwamfutar tebur, fawa-fak ne wurin da bai kamata ka rage kuɗi ba, don mai kyau yakan mutu shi kaɗai, na banza kuwa yakan tafi da madabod da had-dis.

Abu na ƙarshe: fawa-fak, RAM da madabod duk ana sayensu a kasuwa. Takardun makaranta, lissafin shago da hotunan iyali ba a sayar da su ko'ina. Ka ajiye kwafinsu a wata ma'adanar da ba ta jone da wuta, ko a intanet, tun kafin a kawo wutar da za ta yi maka hukunci.